Katun ɗin Indiya a Cikin Badala: Tatsuniya Ce ko Ƙissa?

A unguwannin cikin birnin Kano, daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Madabo zuwa Gwale, ɗan lokacin da ke tsakanin sallar isha'i da barci na yara ne tun kaka da kakanni. A nan ne ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida, tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa da ta zo mu ji ta. Tabarmar tana nan har yau, yaran ma suna nan, sai dai abin da suke kewayewa ya sauya. A gidaje da yawa wayar uwa ce ko ta yaya a tsakiyarsu, ko kuma akwatin talabijin idan an kawo wuta. Daga cikin abin da ke fitowa a fuskar wayar akwai katun ɗin ƙasar Indiya: wani yaro mai shuɗin jiki yana busa sarewa, wani mai kan giwa yana tafiya a kan ɓera, wani biri kuma yana shawagi a sararin sama ɗauke da dutse a tafin hannu.

Iyaye da dama suna kallon waɗannan zane-zane masu motsi a matsayin wasan yara kawai. Wasu kuwa da zarar sun gane abin da ke ciki sai su fizge wayar, su hana. Duka ɓangarorin biyu sun bar aikin da ya rataya a wuyansu. Katun ɗin Indiya da aka gina a kan labaran addinin Hindu yana ɗauke da darussan tarbiyya na gaske, waɗanda Bahaushe zai gane kuma ya yaba. Amma darussan a ɗaure suke da aƙidar da ta saɓa wa tauhidin da ake koya wa ɗan Kano a makarantar allo da Islamiyya. Rarrabe tsakanin darasin da aƙidar aikin babba ne, yaro ɗan shekara shida ba zai iya shi ba. Kano kuwa ba baƙuwar wannan aiki ba ce, domin ta daɗe tana yin sa.

Fim ɗin Indiya tsohon baƙo ne a wannan birni. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da shi gidajen sinima, ya kuwa karɓu. A farkon waɗannan shekaru ne aka buɗe sinimar Palace a Jakara, cikin badala, duk da rashin amincewar malamai da dama, a zamanin da ake kiran abin dodon bango. Fim ɗin Mother India na 1957 ya shafe shekaru ana maimaita kallonsa, har Kanawa suka laƙaba wa jaruman Indiya sunayen Hausa, kamar Dharmendra da ake kira Sarkin Ƙarfi. Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi nazari mai zurfi kan dalilan wannan karɓuwa: kunya, girmama iyaye, auren dole, zaman gandu, da sutura mai rufe jiki. A cikin waɗannan fina-finai an sha ganin gumaka da ɗakunan bauta da masu shafa jan gari a goshi, amma hakan bai fitar da Kanawa daga addininsu ba.

Wannan tarihi shi ne hujjar masu cewa babu abin damuwa. Sai dai abubuwa uku sun bambanta. Na farko, masu zuwa sinima a wancan zamani samari ne da magidanta da suka riga suka san farillan alwala da rukunan imani, alhali mai kallon katun yaro ne da bai gama haddace Fatiha ba. Na biyu, kallon sinima a cikin taro ake yi, a fito ana muhawara, yayin da kallon waya sau da yawa yaro ne da ƙannensa, uwa tana kicin, uba yana kasuwa. Na uku, a fim ɗin soyayya addini a gefe yake, yana wucewa kamar adon bango, amma a wannan rukuni na katun abin bautar shi ne tauraron labarin. Shi ake so, shi ake tausayawa, shi yaro yake kwaikwayo idan an fita wasa. Bugu da ƙari, katun ba ya buƙatar tafinta. Babban fim sai masu fassara irin su Algaita sun juya shi zuwa Hausa kafin a ji daɗinsa sosai, amma shirin Mighty Little Bheem da Netflix ta fara nunawa a 2019 babu ma magana a cikinsa, hoto ne kawai yake bayani.

Yana da kyau a san abin da ake magana a kansa, domin ba duk katun ɗin Indiya ne na addini ba. Motu Patlu, alal misali, barkwanci ne zalla. Chhota Bheem, wanda Rajiv Chilaka ya ƙirƙira, aka fara nunawa a tashar Pogo a 2008, labarin wani yaro ne mai ƙarfi a ƙauyen Dholakpur da ke ƙara kuzari idan ya ci alewar laddu; sunansa daga Bhima na littafin Mahabharata aka ɗauko shi, kuma a wasu fina-finansa Kirishna yakan bayyana ya taimake shi. Akwai kuma waɗanda labaran addini ne kai tsaye: Ramayana: The Legend of Prince Rama, wanda Yugo Sako na Japan da Ram Mohan na Indiya suka yi aikinsa a farkon shekarun 1990, Hanuman na 2005, wanda nasararsa ta buɗe wa ire-irensa kasuwa, Bal Ganesh na 2007, da Little Krishna na 2009, wanda aka shirya tare da haɗin gwiwar wata cibiya mai alaƙa da ƙungiyar masu bautar Kirishna ta birnin Bangalore. Waɗannan na ƙarshe an yi su ne domin 'ya'yan Hindu su san abin da iyayensu suke bauta wa, su kuma ƙaunace shi. Wannan haƙƙin masu addinin ne, kuma ba su ɓoye manufarsu ba.

Adalci ya wajabta a faɗi kyawun darussan. Akwai labarin da ake yawan zanawa na Ganesha da ɗan'uwansa Kartikeya, da aka sa su tseren kewaya duniya. Kartikeya ya hau ɗawisunsa ya tashi, Ganesha kuwa ya kewaya mahaifansa, ya ce su ne duniyarsa, ya ci tseren. Akwai Rama, wanda ya yarda ya bar gadon sarauta ya yi shekara 14 a daji domin kada mahaifinsa Dasharatha ya saɓa alkawarin da ya yi wa matarsa. Akwai ƙaninsa Bharata, wanda aka miƙa wa sarautar ya ƙi hawa karaga, ya ɗora takalman yayansa a kanta yana riƙon ƙwarya har ya dawo. Akwai Hanuman, da aka aika neman maganin Lakshmana, da ya kasa tantance tsiron sai ya tumɓuke dutsen gaba ɗaya ya kawo. Akwai Shravana, mai ɗaukar makafin iyayensa a cikin kwanduna biyu a kafaɗa. Biyayya ga mahaifa, cika alkawari, riƙon amana, zumunci tsakanin 'yan uba: babu ɗaya daga cikin waɗannan da dattijon Kano zai ƙi a koya wa jikansa. A birnin da ya san yadda rikicin sarauta ke raba 'yan gida ɗaya tun yaƙin basasar 1893, labarin ƙanin da ya ƙi karagar yayansa ba ƙaramin darasi ba ne.

Matsalar tana bayyana ne idan aka duba yadda Bahaushe ya tsara labaransa. Masana adabin baka sun rarrabe tsakanin tatsuniya da tarihihi da ƙissa. Tatsuniya ƙagaggen labari ne, kuma ita da kanta take sanar da haka: tana da mabuɗi da marufi, mai bayar da ita yakan rufe da ƙurunƙus, har ya jingina ƙaryar ga Gizo. Tarihihi, kamar labarin Bayajida da rijiyar Kusugu ko na Barbushe da Tsumburbura a dutsen Dala, yana tsakanin tarihi da ƙari. Ƙissa kuwa labarin annabawa ne da bayin Allah, gaskiya ce da ake imani da ita, ba a wasa da ita. Yaron da ya tashi a cikin badala yana koyon wannan rarrabewa tun kafin ya san sunayenta, daga wurin da ake bayar da labarin da muryar mai bayarwa. Katun ɗin addinin Hindu yana zuwa ne da kamannin tatsuniya, da dabbobi masu magana da dodanni da ban dariya, alhali a wurin masu shi matsayin ƙissa yake da shi. Yana zuwa babu mabuɗi babu marufi, babu kuma tsohuwar da za ta gaya wa yaro a wane rukuni zai ajiye shi.

Misalin Gizo da Kirishna zai ƙara haske. Dukansu biyu ɓarayin abinci ne a labari: Gizo yana yaudarar Ƙoƙi da kura da zaki domin cika cikinsa, ƙaramin Kirishna kuma yana satar man shanu a gidajen maƙwabta. A ido abu ɗaya ne. Amma Gizo abin dariya ne, yakan ji kunya, yakan sha duka, kuma babu wanda ya taɓa ɗaga hannu ya roƙe shi wani abu. Satar Kirishna kuwa, a fahimtar mabiyansa, wasa ne na abin bauta da masoyansa, wadda ake rera wa waƙoƙin yabo. Yaron nan da ya saci man shanu shi ne zai ɗaga dutsen Govardhan da ɗan yatsa ya kare jama'a daga ruwan sama, mutane su faɗi su yi masa sujada. Ɗan Kano da ya gama dariyar satar yana nan zaune lokacin da sujadar ta zo, kuma babu abin da ya sauya a launi ko kiɗan da zai gaya masa an bar wasa an shiga ibada.

Wurin da ya fi buƙatar lura shi ne inda labaran suka yi kama da abin da yaro ya riga ya sani. Labarin Prahlada, wanda fim ɗin Mahavatar Narsimha na 2025 ya sake fito da shi, na wani yaro ne da mahaifinsa, azzalumin sarki Hiranyakashipu, ya tilasta wa mutane su bauta masa. Yaron ya ƙi, aka yi ta ƙoƙarin halaka shi, har aka shiga da shi wuta bai ƙone ba. Duk ɗalibin Islamiyya zai tuna da Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da Namarudu. Amma ƙarshen labarin Prahlada shi ne abin bautar ya fito daga cikin ginshiƙi da siffar rabi mutum rabi zaki. Ƙissar Annabi Ibrahim kuwa an kawo ta ne domin kore siffanta Mahalicci da kowace irin halitta. Labarai biyu sun kama hanya ɗaya, sun rabu a mararrabar da ta fi kowace muhimmanci. Babba yana ganin mararrabar, yaro kuwa wutar kawai yake tunawa.

Akwai kuma darussan da ko a Indiya ana taƙaddama a kansu. Ekalavya ɗan mutanen daji ne da malamin harbi Drona ya ƙi koyarwa saboda asalinsa. Ya sassaƙa siffar malamin da yumɓu ya koya wa kansa har ya gagara, sai Drona ya nemi babban yatsansa na dama a matsayin ladan karantarwa, domin kada ya fi ɗan sarki Arjuna. Wasu suna karanta labarin a matsayin ƙolin biyayyar almajiri, wasu kuma, musamman daga ƙabilun da tsarin fifikon haihuwa ya danne, suna ganin sa a matsayin zalunci tsagwaronsa. A garin da ake ganin girman malami kamar Kano, kuma ake da tsohon tabo na raina wasu masu sana'o'in gado, irin wannan labari yana buƙatar mai sharhi. Haka nan al'adar zana dodanni da baƙar fata, jarumai kuma da fara ko shuɗiya, abu ne da 'yan Indiya da kansu suka yi suka a kansa, kuma bai kamata yaro baƙar fata ya haɗiye shi ba tare da wani ya tanka ba.

Duk da haka, hani ba zai magance komai ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya sa ido a kan abin da ake shiryawa ko ake sayarwa a jihar, amma ba ta da iko da abin da ke YouTube, ko abin da aka tura daga waya zuwa waya a soron gida. Yaron da aka hana a ɗakin uwarsa zai gani a ɗakin maƙwabta, kuma zai gani da ƙarin zumuɗi. Hani ba tare da bayani ba yana koya wa yaro tsoro ne kawai, ba ya koya masa dalili. Akwai kuma wata illa: idan abin da aka gaya masa shi ne zagi da izgili, an koya masa abin da addininsa ya hana, domin Alƙur'ani a Suratul An'am ya hana zagin abin da wasu suke bauta wa. Indiyawa suna zaune a Kano suna kasuwanci da masana'antu, Kanawa kuma suna zuwa Indiya neman magani da karatu. Wanda zai yi hulɗa da mutane yana buƙatar sanin abin da suka yi imani da shi, ya riƙe nasa, ba tare da raini ba.

Hanyar da ta fi dacewa tsohuwa ce. Littafin Kalila wa Dimna, wanda malaman zaure suka daɗe da sani, tushensa Panchatantra ne na Indiya. Ya bi ta Farisa, Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8, ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan adabin Musulmi. Alhaji Abubakar Imam, da ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo daga taskokin al'ummu da yawa, kuma manazarta sun danganta dabarar akun da ke ba da labari domin tsare mai sauraro da tsohon adabin Indiya. Amma wanda ya karanta littafin ba ya jin ƙamshin baƙunta, domin an sauya wa labaran riga da suna da ɗabi'a. A Kano kanta, mawaƙan bege irin su Ushaƙu Indiya sun ɗauki karin waƙoƙin fina-finan Indiya suka zuba musu yabon Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. A dukkan waɗannan misalai akwai babba masani a tsakanin baƙon labari da mai sauraro, yana sheƙewa, yana bakacewa, yana fitar da tsaba. Abin da wayar hannu ta kawar ke nan: ta kai hatsin ga yaro da ƙaiƙayinsa.

Mayar da wannan babba gurbinsa ba ya buƙatar kuɗi. Uwar da ta zauna minti goma tare da 'ya'yanta tana iya cewa: wannan da kuke gani wasu mutane ne suke bauta masa, mu ba ma bauta wa kowa sai Allah, amma ku dubi yadda ya girmama mahaifiyarsa. Malamin Islamiyya yana da abin da ya fi haka a hannunsa, wato wasiyyar Luƙman ga ɗansa, wadda ta fara da hani ga shirka, aka biyo da kyautata wa iyaye, har da umarnin a zauna da su lafiya ko da sun yi kira zuwa ga abin da ba za a bi su a kai ba. Tsarin rarrabewar duka yana cikin wannan sura. Abin da ake buƙata kawai shi ne malamin ya san abin da ɗalibansa suke kallo, ya daina ɗaukar tambayar yaro game da mutum mai kan giwa a matsayin rashin kunya.

Sai dai babban darasin yana cikin tarihin masana'antar Indiya kanta. Dadasaheb Phalke, wanda ake kira uban sinimar Indiya, ya kalli wani fim na Turawa a kan rayuwar Almasihu, ya tambayi kansa me zai hana a ga labaran Indiya a majigi. Sakamakon shi ne Raja Harishchandra na 1913, labarin sarkin da ya rasa komai bai yi ƙarya ba. Bayan fiye da rabin ƙarni, Anant Pai ya ga wata gasar kacici-kacici a talabijin inda yaran Indiya suka amsa tambayoyi kan labaran allolin Girka, suka kasa faɗin sunan mahaifiyar Rama. Wannan takaici ne ya haifar da jerin littattafan zane na Amar Chitra Katha a 1967, waɗanda suka share wa katun ɗin yau hanya. Indiya ta taɓa tsayawa a daidai inda Kano take tsaye yanzu, 'ya'yanta sun fi sanin labarin baƙo. Ba ta tsaya ga kuka ba, ta zana nata.

Kano ba ta rasa abin zanawa ba. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara aka buga tsakanin 1911 da 1913, da waɗanda Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara wa 'yan makaranta, suna nan a ɗakunan karatu. Ga zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, ga Muhammadu Rumfa da kasuwar Kurmi, ga marina ta Ƙofar Mata, ga fataken goro a kan hanyar Gwanja, ga wasannin tashe na watan azumi masu cike da hannunka mai sanda. Gaskiya ne akwai iyaka: Musulmi ba zai zana annabawa ba, saboda haka ba za a kwafi tsarin Indiya kai tsaye ba. Amma Maleshiya ta nuna akwai fili mai faɗi a cikin iyakar, domin shirin Upin & Ipin ya fara ne a 2007 a matsayin ɗan gajeren shiri na koya wa yara azumi, ya zama abin kallo a ƙasashe da dama. A gida Nijeriya, Adamu Waziri ya fito da Bino and Fino daga Abuja. Gaskiya ne kuma aikin katun yana cin kuɗi da lokaci da wutar lantarki. Amma birnin da ya raya Kannywood tun daga 1990 ba tare da jarin gwamnati ba, yake da Jami'ar Bayero da masana harshe da al'ada da sadarwa, yake da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, yake da tashoshi irin su ARTV da Arewa24 masu neman abin nunawa, ba zai ce kayan aiki ne suka gagare shi ba. Abin da ya rage shi ne a ɗauki ɗan kallo mai shekara shida da muhimmancin da ake ba mai shekara ashirin.

Kafin a kai ga haka, yara za su ci gaba da kewaye wayar a tsakar gida, Hanuman kuma zai ci gaba da shawagi da dutsensa a cikin badala. Babu amfanin ɗora wa Indiya laifi don ta kula da 'ya'yanta har na maƙwabta suka leƙo. Tambayar da za a yi wa iyaye da malamai da masu shirya fim na Kano ita ce irin wadda ta tayar da hankalin Anant Pai: idan aka tara yaran Jakara aka tambaye su sunan ƙauyen Bheem da sunan matar Gizo, wace amsa ce za ta riga fitowa?